Jan Ɗigon da Ya Kori Bature

A Gafasa, in la'asar ta yi sanyi, gindin tsamiyar ƙofar masallaci ake taruwa, kuma duk wanda ya taɓa zama a wurin ya san Kabo. Ba sai an nuna maka shi ba. Wanda ka fara jiyo muryarsa tun daga bakin rijiya, to shi ne.

Kabo manomi ne kamar kowa, da gonar gero da 'yar gyaɗa, sai dai yana da abin da babu mai shi daga Gafasa har Ajingi, wato kyamara. Tun kafin a sami mulkin kai wani Baturen awon ƙasa ya yi zango a garin, ya ɗauki Kabo yana riƙe masa doki yana ɗaukar masa kaya. Da zai tafi sai ya bar masa wata kyamara mai naɗewa, da ƙafafunta uku na katako. Gaskiyar magana, kyamarar ta daina aiki ne, Baturen ya ga bai kamata ta ƙara wa akwatinsa nauyi ba. Amma a bakin Kabo ba haka aka yi ba. Shi ne ya koya wa Baturen hoto. Ranar rabuwa Baturen ya rungume shi yana hawaye, ya ce duk ƙasar Kano babu hannun da ya dace da wannan na'ura sai nasa. A wasu ranakun ma har Baturen yakan roƙe shi su tafi Ingila tare, Kabo ya ce ba zai bar gyaɗarsa a ƙasa ba a cire ba.

Mutum ɗaya ne ya hana shi sakat, Maiwada, taubashinsa, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Da Kabo ya ɗauko zancen, sai Maiwada ya ce a nuna masa hoto ɗaya, ko na akuya ne. Kabo kuwa sai ya ce har yanzu bai ga fuskar da ta isa a ɓata mata fim a Gafasa ba, balle ta Maiwada. A yi dariya a watse. Ita dai kyamara tana can cikin rumbu, an cusa ta a wata tsohuwar tukunya, shekara da shekaru ba ta ga rana ba.

Haka aka yi ta tafiya har kakar da ta biyo bayan yaƙin basasa, ranar da Bubayero ya yi sallama a gindin tsamiya.

Bubayero dattijon Bafulatani ne daga rugar da ke bayan Toranke, mutum mai ƙarancin magana. Yana da wani farin bijimi mai suna Wule. Uwar Wule ta mutu tun yana ɗan maraƙi, Bubayero ya rene shi da hannunsa, yana ɗura masa nono da ludayi, yana shigar da shi bukka in sanyi ya yi yawa. Sai Wule ya tashi bai san kowa ba a duniya sai Bubayero. Ya shiga gonar rogon mutane, ya tunkuyi jakin mai unguwa, ya tarwatsa mata a bakin rijiya har tuluna suka farfashe. Da ƙara ta yi yawa dagaci ya yanke magana, ya ce ranar kasuwar Gaya ta sama Wule ya bar ƙasar, fatake su wuce da shi Kurmi. Bubayero bai yi musu ba, don ya san an yi masa haƙuri. Amma ya taɓa ganin hoto a bangon ɗakin wani soja da ya dawo daga yaƙi, abin ya tsaya masa a rai.

"An ce akwai mai kama mutum a takarda a garin nan," in ji shi. "Ina so a kama mini Wule kafin ya tafi. In na tashi da safe in riƙa ganinsa."

Maiwada ya juya a hankali ya nuna Kabo da leɓe.

Da Kabo ya ce ido ya fara yi masa hazo, ko ya ce fim ya yi wuyar samu, da an wuce wurin lafiya. To amma jama'a sun zuba masa ido, shi kuwa Kabo bai taɓa ganin taron kunnuwa ya ƙyale ba. Ya gyara zama ya ce wa Bubayero ya kwantar da hankalinsa, zai ɗauki Wule ɗaukar da za a iya ƙirga gashin jelarsa. Daga nan zance ya yi nisa. Ai dama ya daɗe yana shirin buɗe shagon hoto a Gaya, wannan bijimin shi ne buɗin kasuwa. Mutanen Wudil da na Dutse za su riƙa kwana a layi. Duk wanda ya raina shi a Gafasa, in ya zo sai ya jira a rana. Yana faɗa yana kallon Maiwada.

Washegari da hantsi rabin gari ya taru a ƙofar gidan Kabo. Ya hau rumbu ya sauko da tukunya, ya zaro kyamara ya karkaɗe mata toka da kashin ɓera, ya danna wani ɗan ƙarfe don ta buɗe. Ta ƙi. Ya sa farce, ta ƙi. Ya sa bakin lauje, sai ta buɗe da ƙara, ashe zanzaro ya yi gini a ciki. Masu gidan suka fito suna zuuu, ɗaya ya sauka a leɓen Kabo na sama ya yi aikinsa. Kafin a jima leɓe ya kumbura ya rufe masa ƙofar hanci. Maiwada ya tambaye shi ko wannan ma cikin koyarwar Bature yake. Kabo ya ce ai ko zanzaro ya san kaya mai tsada, shi ya sa bai yi gini a gidan Maiwada ba.

Da aka duba kyamara a rana sai cututtukanta suka bayyana. Ƙarafan da ke riƙe da gabanta sun yi tsatsa. Fatar tsakiyarta, mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙeri, ta tsattsage. Idon gilashin ya yi fumfuna. Gara ta cinye ɗaya daga cikin ƙafafun katakon. Babbar matsalar kuma, akwai wata 'yar kunama irin ta bindiga wadda ake latsawa ido ya ƙyafta ya ce ƙas, a nan ne hoto ke kamuwa. Kabo ya ɗana, ya latsa, shiru. Ya sake latsawa, shiru.

Maiwada ya miƙa yatsa zai taɓa wani ɗan ƙarfe da ke ƙarƙashin idon, mai jan ɗigo a kansa, wanda ya tsaya a karkace. Kabo ya make masa hannu.

"Kai, ka tuna kana da iyali kuwa? Wannan ba a taɓa shi."

"Me yake yi?"

"Da idona na sha gani. Duk ranar da Bature ya taɓa jan ɗigon nan, sai ka ji abin ya kama ruri. Sai ya saki kyamarar ya zura da gudu, ya je can gaba ya tsaya ƙiƙam, yana washe haƙora don tsoro. Mutumin da ya zo daga Ingila ya gudu, kai ɗan Gafasa ka ce za ka taɓa?"

Jama'a suka ja da baya. Kafin magariba duk garin ya san kyamarar Kabo tana da wurin da in an taɓa take tashi da mutane. Da labarin ya isa Toranke an ƙara masa doki guda da ta kashe. Da ya isa Gaya dokin ya zama da mahayinsa.

Aka shiga gyara. Tsatsa dai Kabo bai ga ta fi ta tsohon kwano ba, don haka ya shiga madafin matarsa Hansai, ya kwashe mata kanwa da gishiri, ya matse lemon tsami a kai, ya kwaɓa ya lafta wa ƙarafan. Tsatsa ta ɗan saki, amma kyamara ta yi fari fat da busasshiyar kanwa, ya ce a bar ta haka, magani ne. Idon gilashi ya huhhura masa iska ya goge da gefen rawani. Ranar nan miyar kuka ba kanwa aka sha ta, Hansai ta ajiye masa kwano ba ta ce masa sannu ba.

Fatar da ta tsage aka kai wa Bala baduku. Bala bai taɓa ganin kyamara ba, amma ya san fata, kuma bai taɓa barin aiki ya fita daga hannunsa ba ado ba. Ya sa jar fatar akuya ya ɗinke tsagar, ya bi gefe da kore, ya rataya mata tuntaye biyu irin na linzamin doki. Da Kabo ya buɗe bayan kyamara ya ɗaga ta sama ya leƙa, sai ya ga haske yana shigowa ta kowace hudar basilla, kamar taurari. Wannan kam ya san ba daidai ba ne, don ya sha jin Bature yana faɗa a kan haske. Maiwada ya ce a bar su mana, ko hoton ya sha iska. Kabo ya sa aka kankaro kunkunniya daga rufin madafi, aka dama da ƙaro, aka bi hudojin aka toshe. Haske ya daina shiga, sai dai ƙaro ya bushe ya sandare, kyamara mai naɗewa ta daina naɗewa har abada. Kabo ya ce dama naɗewar ce ke lalata su.

Saura ƙafa. Ya gwada ƙotar fartanya, ta yi gajarta. Ya gwada kara, ya karye. Yana waige-waige sai idonsa ya faɗa kan taɓaryar Hansai a jingine da turmi, dusa duk ta manne mata. Ya ɗaure ta da igiyar rama a madadin ƙafar da gara ta ci. Hansai ta fito surfe ta tarar da taɓaryarta ta zama ma'aikaciyar hoto. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi taɓarya, ta yafa mayafi ta tafi aro maƙwabta.

Ana cikin haka Hindatu, matar Bubayero, ta zo da ƙwaryar man shanu sabon kaɗi, ta ce a ba mai hoto ya sa a tuwo. Kabo ya karɓa ya ce Allah ne ya kawo ta, dama abin da kunama ke jira ke nan. Ya samo gashin kaza ya riƙa tsomawa yana ɗiga wa kowace kafa da ya gani, yana kauce wa jan ɗigo kamar wuta, sa'an nan ya shanya kyamara a rana don mai ya ratsa. Kiyashi suka ji ƙamshi suka yi layi. Kaji suka biyo kiyashi. Ya kori kaji ya rataye ta a rassan zogale, ya dawo ya tarar da kyanwa a kanta tana lasa. Mai dai ya ratsa ko'ina, har yana ɗiga ta gindi. Ya ɗana, ya latsa, shiru.

Gwadabe direba, mai motar da ke zuwa Kano, shi ya sayo fim. Sa fim kuwa, a faɗi gaskiya, Kabo ya iya, don shi ne aikin da Baturen ke ba shi in hannunsa ya yi datti. Ya shiga inuwa ya ɗora, ya murɗa, ya rufe, ba kuskure. Gwadabe ya kalli tuntaye, ya kalli taɓarya, ya kalli man da ke ɗiga, sai ya ja shi gefe ya ce akwai wani mai hoto da ya sani a Fagge, in ana so sai ya ɗauko shi ranar kasuwa, ko don ya tsaya a gefe. Kabo ya ce wannan cin fuska ne. Yaran Fagge ai jikokinsa ne a sana'a. Ya aika wa Bubayero cewa kada ya kuskura ya bari wani ya haska wa Wule ido kafin shi, hoto biyu ba sa kama dabba ɗaya.

Ana gobe kasuwa, bayan azahar, Hansai ta same shi a zaure yana ta latsa kunama.

"Malam, ta yi ƙas ɗin?"

"Ƙas ai ta ƙananan kyamarori ce. Manya a shiru suke aiki."

"Da can ka ce in ta yi ƙas har doki ke zabura."

"Da can tana yarinya."

"Malam, bawan Allahn nan ba wasa ya zo yi ba. Gobe za a tafi da sansa. Ka aika wa Gwadabe tun motarsa ba ta tashi ba."

Kabo ya ce mata harkar na'ura ba ta mata ba ce, kuma ta ba shi aron baƙin zanenta, don duk mai hoton kirki sai ya lulluɓe kansa. A ransa ya san kyamarar ba ta ƙyafta ba ko sau ɗaya. Ya dai dogara ga cewa abu in ya ga taron jama'a yakan ji kunya ya yi aiki.

Ranar kasuwa aka ɗora kyamara a kan jaki, tunda ba ta naɗewa, taɓarya tana leƙe ta baya. Kabo ya sha babbar rigarsa ta Salla, leɓe bai gama saɓewa ba. Kafin su isa kara, inda ake cinikin shanu, wani maroƙi ya tsinci labari ya bi bayansa yana kirari, malamin Bature, mai kama sa ba igiya. Kabo ya riƙa ɗaga hannu hagu da dama. Mutane suka bar ciniki suka biyo, amma kowa yana barin tazara saboda jan ɗigo.

A gefen kara akwai wata darbejiya, a ƙarƙashinta Bubayero ya tsayar da Wule. Tun asuba ya wanke shi, ya shafe masa ƙaho da mai har suna sheƙi. Bijimi ne na gani na faɗa, tozonsa ya kwanta gefe don girma. Can gefe motar fatake tana jira, direba yana ta danna hon.

Kabo ya auna tazara da ƙafa, ya kafa ƙafafun katako biyu, ya haƙa rami ya dasa taɓarya ya tattake. Sa'an nan ya ce a kwance wa san igiya. Bubayero ya ce Wule ba ya son taro. Kabo ya ce Bature bai taɓa ɗaukar dabba da igiya ba, igiya tana tsinka hoto gida biyu, kuma shi ma Bubayero ya koma gefe kada inuwarsa ta shiga. Bubayero ya kwance igiya, ya shafa wuyan Wule ya yi masa magana da Fulatanci, ya koma gefe. Kabo ya juya ga jama'a ya yi gargaɗi, duk wanda ya yi ko tari ya ɓata hoto, alhaki a wuyansa.

Ya ɗana kunama, ya ja baƙin zanen Hansai ya lulluɓe kansa da bayan kyamara. Ita wannan kyamarar ba irin wadda ake leƙawa ta baya ba ce, bayanta a rufe yake ruf, don haka abin da Kabo ya gani a cikin zane duhu ne kawai da warin daddawa. Ya latsa, shiru. Ya sake latsawa, shiru. Don kada a gane sai ya shiga ba da umarni daga cikin zane, a ce wa san ya ɗaga haɓa, a ce ya haɗa ƙafafu, a ce ya daina lumshe ido.

Rana kuwa ta take. Kyamara ta ɗauki zafi, man shanu ya narke, ƙamshin kanwa da gishiri da dusar taɓarya ya tashi ya bi iska. Duk abin da Kabo ya yi gyara da shi, in ka cire tuntayen Bala, abin da makiyayi ke kiran sa da shi ne. Wule ya ɗaga hanci ya shaƙa. Ya tako a hankali. Bubayero ya kira sunansa ƙasa-ƙasa, bai waiwaya ba. Jama'a suka ga abin da ke tafe, amma an ce kada a yi tari. Maiwada ya buɗe baki, ya tuna alhaki, ya rufe, kuma ban ce rufewar ta yi masa wuya ba.

"Yawwa, haka nake so," in ji Kabo daga cikin zane. "Ya tsaya nan inda yake, kada ya motsa."

A lokacin hancin Wule yana kan gilashi. Ya zaro harshe ya lashe kanwar gaban kyamara tun daga ƙasa har sama. Ba don taɓarya tana dashe a rami ba da komai ya kife. Ya sake lasa, harshen ya bi ta kan ɗan ƙarfen nan mai jan ɗigo ya ture shi. Ƙarfen da ya shekara goma sha yana maƙale, ga shi ya sha mai ya sha rana, sai ya motsa, kyamara ta kama ruri, zuuu.

Kabo ya fara zaton zanzaro ne ya dawo, ya dafe leɓe ya yaye zane. Sai ya yi ido huɗu da Wule, ga harshe a kan jan ɗigo, ga ɗan ƙarfen yana tafiya da kansa.

"Ya taɓa! Jama'a ya taɓa, za ta tashi!"

Ba wanda ya tsaya tambaya, don kowa ya ji labarin doki da mahayinsa. Kasuwa ta dare. Masu fura suka bar ƙore, mai ƙosai ta tsallake kaskonta, maroƙi ya yar da kirari ya faɗa bayan buhunan gyaɗa, direban fatake ya shige ƙarƙashin motarsa. Maiwada da ke cewa duk ƙarya ce, shi aka fara gani a bayan katangar mahauta.

Shi kuwa Kabo, da tsoro ya kama shi, sai ƙafarsa ta tuna karatun da ta gani. Inda Bature ke gudu nan ya nufa, wato gaban kyamara sak. Ya wuce ta gefen Wule babbar riga tana kaɗawa, Wule ya ga abu na gudu ya juya ya bi. Kabo ya isa darbejiya ya daka tsalle ya kama reshe, ƙaho ya zo ya saƙale rigar ta baya. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan, ya saɓule ya bar wa Wule ita, ya rungume reshe daga shi sai wando, ƙafafu suna reto.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Bubayero ya tako a natse ya zo ya dafa tozon Wule, ya kira sunansa. Bijimi ya tsaya cak, ya ɗaga kai sama, riga tana lilo a ƙahonsa. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai rurin nan da man shanu ya sa yake ja a hankali. Can sai rurin ya yanke, aka ji ƙas.

Aka jira tashin kyamara, ba ta tashi ba. Mutane suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Maiwada ya fito yana karkaɗe riga, ya zo gindin bishiya ya ɗaga kai ya tambayi Kabo ko daga can sama Bature ke ɗauka. Dariya ta ɓarke, har mai ƙosai da man suyarta ya zube. Maroƙi ya fito daga bayan buhu ya sake kirari, ya ce malamin Bature, mai ba sa riga kyauta.

Bubayero bai yi dariya ba. Ya cire rigar daga ƙaho, ya ninke ta, ya ajiye a gindin bishiya, sa'an nan ya ɗaga kai.

"Malam Kabo, ka kama shi?"

Kabo ya dubi kyamara can nesa, ya dubi hannuwansa da ke rungume da reshe.

Fatake suka ce rana na yi. Bubayero ya sa wa Wule igiya da hannunsa, ya ja shi har cikin mota, don ba wanda zai iya sai shi. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana, sa'an nan ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya kama hanyar Toranke, bai zagi kowa ba. Wannan ya fi zagi ciwo. Ni kaina da nake ba da labarin nan, in na zo nan sai in ji haushin Kabo ya taso mini sabo.

Kabo ya daina zuwa gindin tsamiya, ya ce leɓe ne ya tashi. Hansai ta kwance taɓaryarta ta wanke, ta ɗauki kyamara ta kai wa Gwadabe ta ce ya fitar mata da ita daga gida, ko a rafi ya jefa. Gwadabe bai jefar ba, ya kai wa mai hoton nan na Fagge don su yi dariya tare. Mutumin ya yi dariyar tuntaye har ya gaji, sa'an nan ya ga akwai fim a ciki, ya shiga ɗakin duhu ya cire ya wanke.

Wata la'asar sai ga Gwadabe a gindin tsamiya da abu a cikin hularsa, ya ce a kira Bubayero, a kuma fito da Kabo ko da ɗauka ne. Da aka hallara ya yi bayani. Jan ɗigon nan ba ya kashe ko ƙuda. In mutum yana son ya ɗauki kansa ne yake ja, kyamara ta yi ta ruri tana jiransa, shi kuwa ya ruga gabanta ya tsaya ya yi murmushi. Gudun Bature ke nan, washe haƙoransa ke nan. Ƙarfen ne ya maƙale a tsakiya ya riƙe kunama duk shekarun nan, ba abin da yake jira sai a ɗan ture shi.

Ya zaro hoto. Ya ɗan yi hazo kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi, amma ga Wule nan tsaf, kai a sama, tozo a kwance, ƙaho ɗaya sanye da babbar riga. Ga Bubayero a gefensa, hannu a kan tozo. Daga sama kuma, cikin ganyen darbejiya, ga ƙafafu biyu sun sauko, ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Bubayero ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa yana bin bayan san tun daga wuya har jela.

Kabo ne ya fara farfaɗowa. Ya yi gyaran murya ya ce ai dama ya faɗa, za a iya ƙirga gashin jela, ga shi kowa ya gani, irin wannan ɗauka ko a Ingila sai an tona.

"To in kai ka ɗauka," in ji Maiwada, "ƙafafun wa ke reto a bishiya?"

Kabo ya leƙa hoton, ya ga ɗinkin da Hansai ta yi wa wandonsa a gwiwa ya fito raɗau. Ya matsa kusa da Bubayero ya rage murya, ya ce akwai ɗan gyara da ya saura. In za a ba shi hoton da reza, zai datse saman nan kaɗan, don ganyen ya yi yawa.

Bubayero ya naɗe hoton a cikin ƙyalle, ya zura a aljihun ƙirji, ya dafe.

"A'a, Malam Kabo, a bar shi haka. Wule ne. In babu wanda ya kora a ciki, ba zan gane shi ba."